Gafarar Gwaggo Delu

Sallama gare ku, masu bibiyata. Na san mako uku ke nan ban ce muku komai ba, har wata baiwar Allah ta rubuto a ƙasa tana tambaya ko an ɗaura auren ne na manta da ku. Ba a ɗaura ba, 'yar uwa. Wata kuma ta ce ita ba ta ga abin so a jikin ɗan damfara ba, in nemi malami ya yi mini rubutu in sha. Na gode da shawara, Allah ya bar zumunci. Yau dai ba faɗa na zo yi da kowa ba, ba ni da ƙarfinsa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ku kira ni Muna, ko da yake duk sunayen da ke cikin labarin nan na sauya su. Shekarata ashirin da huɗu, ɗinki nake yi a zauren gidanmu da ke bayan kasuwar Filingue. Babana, Mushe Manzo (haka ake kiran malaman boko a nan), shugaban wata makarantar firamare ne, saura shekara biyu ya ajiye aiki. Wanda nake so kuwa sunansa Kailu, dogo, baƙi, mai wushirya, mai bakin da zai iya sayar maka da rairayi a tsakiyar Kurfai, ƙasarmu ta rairayi, ka biya kana godiya. Bakin nan ne ya ja masa.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, takin zamani ya yi wuyar samu. Sai ga wani mutum daga Yamai da mota mai sanyi da takardu masu hatimi, kowa Alhajin Yamai yake ce masa. Ya ce akwai taki a rabin kuɗi, amma sai an biya kafin ruwa ya sauka. Ya ɗauki Kailu, wanda ya gama makaranta ba aiki, ya riƙa zagaya ƙauyuka yana rubuta sunaye yana karɓar kuɗi. Damina ta zo ta wuce, ko buhu ɗaya ba a gani ba. Ba zan wanke muku Kailu ba. Da bakinsa ya gaya mini cewa tun wata na biyu jikinsa ya ba shi babu takin, amma ya ci gaba har mako uku, saboda yana tara kuɗin kayan aurena. Mutum arba'in da ɗaya suka kai ƙara.

Alƙali ya yanke masa shekara biyu, amma na je-ka-gyara-halinka, abin da 'yan boko ke kira sursi. Ba a kulle shi ba, an dai ɗora masa sharaɗi biyu. Kowace Litinin ya je kotu ya sa hannu. Kuma kada ya kusanci ko ɗaya daga cikin masu ƙara, kada ya yi musu magana, har sai an gama shari'ar Alhajin, wanda aka kamo daga baya yana gidan kaso yana jira. In ya karya ɗaya, shekara biyun nan za ta hau kansa cif.

To, a cikin arba'in da ɗayan nan akwai Gwaggo Delu, yayar Baba, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. A Tabla take zaune. Tumakinta biyu ta sayar ta biya kuɗin taki. Ita ce kuma kaɗai ta ga Alhajin da idonta yana karɓar kuɗi daga hannun Kailu a gindin wata gawo, don haka ita ce babbar mai shaida a shari'ar da ake jira. Ba ta san da maganata da Kailu ba, don Baba ya hana kowa ya kai mata.

Wata biyar Kailu yana kiyayewa. Duk Litinin da safe zai wuce ta ƙofar zaurenmu cikin shuɗiyar rigar da na ɗinka masa, mai aljihu biyu, ya ɗan rage tafiya ya yi gyaran murya, ni kuma in yi kamar zare nake sakawa a allura. Ya samu ɗan tebur a kasuwa yana gyaran waya. Mutane na nuna shi da baki, wasu su kawo gyara don kawai su ga fuskarsa, yana haƙuri. Ni ce haƙurina ya ƙare.

Inna ta daɗe tana yi wa Baba naci a kaina. Wata Talata bayan la'asar ya kira ni. Yana zaune a kujerarsa ta roba ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, littattafan yara a cinyarsa, jan biro a bayan kunne. Na durƙusa gefen turmi, na ja mayafina.

"Muna, ba ni hana ki abin da kike so," in ji shi. "Amma yaron ga ya sa yayata kuka. Shi tahi Tabla, shi durƙusa gabanta, shi roƙi gahwara. Kada shi ambaci sunanki, kada shi ambaci nawa, ba ni son ta yahe don kunyata. In ta yahe don Allah, shi turo magabatanai. In azumi ya kama bai tahi ba, kada a sake yi mani maganatai cikin gidan ga."

"Baba, alƙali ya hana shi zuwa wurinsu."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Alƙali ya hana neman gahwara? Hwaɗa da tsoratarwa anka hana shi. Wace doka za ta hana yaro shi ba tsohuwa haƙuri?"

Mutumin da ya shekara talatin da uku yana koya wa yara karanta takarda ke nan. Kuma wallahi har zuciyarsa haka ya ɗauka, ni ma da na tashi daga wurin haka na ɗauka, don abin da nake so in ji ke nan. Saura kwana arba'in azumi.

Na shiga ɗaki na haye gado da waya, ko mayafi ban cire ba. Na rubuta wa Kailu, wanda nake kira sheri, wato masoyi.

"Sheri, albishirinka. Baba ya yarda."

"Ki bar wasa da hawan jinina."

Na zayyana masa sharaɗin. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya.

"Muna, takardar tana gabana yanzu haka. An rubuta ko ta waya, ko ta hannun wani. Mu jira a gama shari'ar Alhaji."

"Sau uku ana ɗage ta. Baba ya ce kafin azumi."

"Shekara biyu fa, Muna. Kin taɓa wucewa ta bayan gidan kaso da rana? Kin ji warin?"

"Wa zai sani? Tsohuwa ce a ƙauye, ko waya ba ta da ita. Ka shiga mota da safe, azahar kana gida."

"Ina jin tsoro."

Ku ji abin da na mayar masa, ni da ake cewa ina da hankali. "Lokacin da kake zagaya ƙauyuka da jakar Alhaji ba ka ji tsoro ba. In tsoron takarda ya fi so na a ranka, ka faɗa mini tun yanzu in san inda na dosa."

Daga nan na yi masa shiru kwana biyu. Yana kira ina kallon wayar tana haske a kan keken ɗinki, ina ci gaba da taka ƙafa. Na san abin da nake yi sarai, duk macen da ke karanta wannan ta san shi. Ranar Alhamis da hantsi saƙonsa ya shigo, kalma biyu: "To. Lahadi."

Kawunsa ya ƙi raka shi, ya ce shi ba ya wasa da takardar alƙali. Ni na shirya masa kaya. Goro fari manya, sukari kwali biyu, da turmin atamfa mai ruwan ƙasa da ganye-ganye kore, wanda na daɗe ina ɓoyewa a ƙasan akwati. Sannan na ƙirgo jika goma, wato sefa dubu goma, cikin kuɗin ɗinkina na aika masa. Na rubuta: "Ba a zuwa gaban tsohuwa hannu rabbana. In za ka tashi ka tura mata ƙarƙashin tabarma, kada ka miƙa a hannu, rashin kunya ne." Ya ce kuɗin ba su kwanta masa ba. Na ce haka ake yi, ko a gidanku ba a koya maka ba?

Lahadi da azahar ya turo mini saƙon murya daga cikin mota, ana jin kukan awaki a bayansa. Ya ce ya same ta tana sussukar hatsi, ya cire takalmi tun daga ƙofar gida, ya durƙusa a rana. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ajiye taɓarya ta fashe da kuka, ta ce tashi ɗana, duk cikin waɗanda suka ci kuɗinta shi kaɗai ya tako. Ta dama masa fura da hannunta, ta sa masa albarka har bakin hanya.

Na saurari saƙon nan ya fi sau goma. Na yi rawa ni kaɗai a ɗaki, Inna ta yi 'yar guɗa ƙasa-ƙasa a madafa don kada maƙwabta su ji. Baba ya yi gyaran murya ya ce magabatan Kailu su zo Juma'a ta sama. A ranar na fitar da shadda ruwan hoda na fara yanka wa kaina riga. Kwana uku na yi ina farin ciki, kuma ban taɓa yin irinsa ba.

Laraba da rana tsaka muna tsakar gida, Inna na kwaɗa zogale, sai ga sallamar Gwaggo Delu. Ta sha ɗinkin atamfar nan mai ganye kore, wani telan Tabla ya yi mata wuya a karkace, sai walƙiya take yi. Aka shimfiɗa mata tabarma, ta sha ruwa, ta dubi Baba tana murmushi.

"Manzo, daga gidan shari'a nike. Na sauke nauyi."

Baba ya ajiye cokali. "Wane nauyi, Yaya?"

"Yaron ga na taki. Ya zaka har ɗakina ran Lahadi, ya durƙusa, ya yi kuka. Ka ga zanen da ya kawo mani. Har da goro da sukari, da ya tashi na iske kuɗɗi ƙarƙashin tabarma. Nic ce wanga ɗan mutunci na, ba ni barin hukuma ta ci gaba da wahal da shi. Na tahi na ce masu su shahe sunana, ni Delu na yahe duniya da lahira."

"Wa kinka gaya ma?"

"Wani yaro mai rubutu, mai ladabi ƙwarai. Ya ba ni kujera. Ya ce wace rana ta, na hwaɗa mai. Ya ce kuɗɗin nawa na, na hwaɗa mai. Duka ya rubuta, har ya kira babbansu ya zaka ya ji da kunnenai. Na dangwala hannu."

Inna ta tsaya da hannu cikin kwano. Gwaggo ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce lafiya, ko an yi mutuwa ne ba a gaya mata ba? Baba ya ce babu komai, Yaya, ci abinci. Ta ci ta ƙoshi, ta yi barcinta a inuwa.

Na kira Kailu a bayan ɗaki na gaya masa. Na ce ya gudu, ya shiga motar Yamai, daga can ya san inda zai yi. Ya ce in ya gudu ya tabbata ɓarawo har abada, kuma uwarsa za a riƙa kira. Bai zage ni ba, bai ce ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa ɗin, da na fi samun sauƙi.

Ranar Litinin ya wuce ta ƙofar zaure kamar kullum, sai dai bai rage tafiya ba. Can wayata ta yi ƙara. "Na goge hirarmu duka daga wayata. Kada ki zo. Kada sunanki ya fito ko na Baba." Ya shiga sa hannu, ba a bar shi ya fito ba.

Bayan kwana huɗu wata mata ta yi sallama a zaurena da yadi a leda. Gajera ce, mai tabarau, ta yafa lafaya ruwan toka, takalminta ba na garinmu ba ne. Ta ce a auna ta. Ina sa mata tef a kafaɗa ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ni ce Metir Habsa, abokar Kailu." Aboka shi ne lauya, Metir kuma laƙabinsu ne, ga 'yan uwana na Najeriya. Uwar Kailu ce ta sayar da gonarta ta ɗauko ta daga Yamai.

"Ya hana ni ambaton sunanki," in ji ta. "Ni ya hana, ke bai isa ya hana ki ba. Ki saurare ni da kyau. Laifi biyu ne a kansa yanzu. Na farko karya sharaɗi, wannan babu musu, ya je. Na biyu shi ne mai nauyi: sun ce ya je sayen mai shaida. Mutum arba'in da ɗaya, bai je wurin kowa ba sai wurin wadda za ta tsaya a kan Alhaji, ya kai mata kuɗi, bayan kwana uku ta zo janye ƙara. Ko ni ce alƙali abin da zan gani ke nan."

"Ba haka ba ne, wallahi. Kuɗin ma nawa ne."

"Na sani. Alƙalin baƙo ne, daga Damagaram aka kawo shi, bai san wa ke son wa a garin nan ba. Saƙonnin suna wayarki?"

Na ɗaga kai.

"In kika tsaya kika nuna su, da kwanan watansu, aka ga yana ƙi kina matsa masa, laifi na biyu ya faɗi. Na farkon ma zan roƙa a ba shi wata shida maimakon shekara biyu. Bakinki kaɗai ba zai isa ba, za su ce budurwa ce ke kare saurayinta. Wayar ce hujja." Ta karɓi tef ɗin daga hannuna ta naɗe. "Ɗinkin ba na gaggawa ba ne."

Da na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba. Amsar da ta dawo mini da ita gajera ce: in na taka gidan shari'a, in nemi wani uban.

Ranar zaman na ce zan je sayen zare. Na zumbula baƙin hijabi har ƙasa, wayar na cikin tafin hannuna a ciki, na zauna a bencin ƙarshe. Ɗakin cike yake. Ga matan unguwarmu, ga masu teburin kasuwa, ga malamai biyu na makarantar Baba. Babu wuta, fankar sama tsaye take, kowa na fifita da abin da ya samu. Aka shigo da Kailu. An aske masa kai, ya rame, shuɗiyar rigar ta yi dauɗa a wuya. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Aka kira Gwaggo. Ta sake sa atamfar nan, don a ganinta ita ce shaidar kirkin yaron. Mai gabatar da ƙara ya tambaye ta ta bakin tafinta wa ya ba ta zanen da ke jikinta, ta nuna Kailu da alfahari. Ya tambaye ta ko da bai zo ba za ta janye ƙara, ta ce ina, ai zuwan nasa ne ya wanke mata zuciya. Duk kalmar da ta faɗa don ta cece shi, sai na ga Metir Habsa ta ƙara sunkuyar da kai.

Sai alƙali ya juya ga Kailu. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya ɗaga ta.

"Wata biyar ba ka nemi gafarar kowa ba. Me ya sa yanzu? Me ya sa ita kaɗai? Akwai wanda ya aike ka?"

"Babu wanda ya aike ni, ranka ya daɗe. Raina ne ya dame ni."

"Kuɗin fa? Teburinka na gyaran waya ne ya ba ka su?"

"Nawa ne."

Metir Habsa ta miƙe ta ce tana roƙon kotu ta tambaya ko akwai mai wata magana a cikin ɗakin. Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. Alƙali ya ɗaga kai ya jira.

'Yan uwa, ina so in ce muku wani ne ya riƙe ni. Babu wanda ya riƙe ni. Baba ba ya wurin. Abin da ya zo mini kawai shi ne tafinta zai ɗaga wayata ya karanta "sheri" da ƙarfi a gaban matan unguwarmu, ya karanta inda na ce ko a gidanku ba a koya maka ba, ya karanta "Baba ya ce" a gaban malaman da ke ƙarƙashin Baba. Ban tashi ba. Wayar ta jiƙe da gumi a hannuna. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ji alƙali ya ce to, ya ci gaba da rubutu.

Hukuncin bai ɗauki minti biyar ba. An soke sursi, zai yi shekara biyunsa. An ƙara masa shekara ɗaya ta neman sayen mai shaida. Da tafinta ya mayar da shi Hausa, uwar Kailu ta zame daga benci ta zauna a ƙasa. Gwaggo ta miƙe tana cewa, "Ba ku ji ba? Na ce na yahe. Ni anka cuta, kuma na yahe." Wani jandarma ya kama hannunta a hankali ya fitar da ita. Kailu ya miƙa hannuwansa aka sa ankwa, aka bi da shi ta ƙofar gefe.

A bakin ƙofa Metir Habsa ta wuce ta kusa da ni kamar ba ta san ni ba, ta ce, "Kwana goma muke da su mu ɗaukaka ƙara. Kina da lambata."

Kwana uku ban taɓa keke ba. Shaddar da na yanka tana nan a kan tebur, hannu ɗaya a haɗe ɗaya a ware. Gwaggo ta koma Tabla ta kwanta ciwo, aka ce ta cire atamfar ta ba maƙwabciya. A rana ta uku na rubuta wa Metir: "Na yarda. Zan tsaya, zan kawo wayar." Ta amsa: "Allah ya yi miki albarka. Alhamis zan shigo." Na ji sanyi a raina karo na farko, har na ci tuwo. Kuskurena ɗaya, na gaya wa Inna, don ban iya ɓoye mata komai ba.

Jiya Laraba, kwana na takwas cikin goman, Baba bai je makaranta ba. Da hantsi, bayan ƙannena sun fita, ya aiko Inna ta kira ni ɗakinsa. Ban fi sau uku na taɓa shiga ɗakin nan ba tun da na girma. Yana zaune a bakin gado da jallabiya, ba tabarau, idanunsa sun faɗa. Na durƙusa a bakin ƙofa na jira tsawa. Na ma shirya amsata.

"Sunana na cikin wayag ga?" ya tambaya.

"Yana ciki, Baba."

"Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba."

Ya jinjina kai. "Ni na yi kuskuren ga, Muna, ba ke ba, ba yaron ba. Na sani. Kwana takwas ban yi barci ba." Ya murza yatsunsa. "Kin san zamanin da muke ciki. Yanzu ko ƙaramin abu ya kai sunan ma'aikaci gaban hukuma, sai a dakatar da shi a ce ana bincike. Za su ce shugaban makaranta ya tura mai laihi wurin mai shaida. Shekara talatin da uku, saura biyu. Ƙannenki shida. Kuma Yaya tana kwance. In ta ji ni na shirya zuwan ga, na bar ta ta tsaya gaban mutane tana kuka ban ce komi ba, ba ta tashi daga ciwon ga."

"Baba, shekara uku fa. Saboda ni."

"Na sani."

Sai ya yi abin da ban shirya masa ba. Ya cire hularsa ya ajiye a kan gado, ya sauko ƙasa ya zauna a tabarma daidai da ni. Ban taɓa ganin tsakiyar kan Baba ba sai jiya, ashe duk ya yi furfura.

"Ba ni amshe maki waya. Ba ni tilasta ki, kuma maganar da na aiko uwarki da ita na janye, ke ɗiyata ta ko mi kinka yi. Roƙonki nike, Muna."

Da ya daka mini tsawa, wallahi da yanzu wayar tana hannun Metir. Na dubi Inna a bakin ƙofa, ta rufe fuska da gefen zane. Na dubi Baba, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Na buɗe wayar. Na shiga sunan Kailu. Ta tambaye ni ko na tabbata, na danna. Hirar shekara biyu da saƙon muryar da ya turo daga mota, duk suka tafi lokaci ɗaya. Ban ajiye su a wani wuri ba, ban taɓa iya wannan ba, Kailu ne mai yi mini irin waɗannan abubuwa.

Saƙonnin da na kawo muku a sama, daga kaina na rubuto su. Na haddace su kalma da kalma, amma babu alƙalin da zai karɓi haddata.

Baba ya ce Allah shi yi mini albarka. Na tashi na koma zaure, na zauna a gaban keke ban taka ba. Wajen azahar wayar ta yi ƙara a cinyata. Metir Habsa ce.

"Na samu ganin Kailu yau a Yamai, inda aka mai da shi. Na gaya masa kin yarda za ki tsaya. Da farko ya yi faɗa, daga baya ya yi kuka, ya ce ashe ba ki yar da shi ba. Yau ya ci abinci. Gobe ƙarfe tara ina tashar mota, ki zo da wayar."

Yanzu ƙarfe takwas da rabi na safiyar Alhamis, na sa hijabina, ina zaune a zaure. Daga nan zuwa tasha tafiyar minti goma ce.